An Yi wa Mota Hanya

Ranar da mota ta iso layinmu ko zare ban ƙara sa wa allura ba. Shagon ɗinkina yana fuskantar gidan ne, titi kawai ya raba mu, saboda haka abin da zan faɗa yawanci da idona na gani, wanda ban gani ba kuwa matar gidan ce ta ba ni da bakinta ina auna ta. Mota ce ja, ba sabuwa dal ba, amma an goge ta sai ɗaukar ido take yi. Ɗan gidan, wanda akawu ne a wani kamfani, ya fito daga ciki yana juya makulli a yatsa, baki har kunne. Tun daga ranar sunan Akawu ya ɓace a bakin mutane, ya koma Mai Mota. Ita kuwa motar aka sa mata Amarya, kuma sunan ya bi ta.

Duk murnar da aka yi a layin ba wanda ya kamo ƙafar mahaifin Mai Mota. Baban Dakali muke ce masa, domin kullum yana kan dakalin ƙofar gidansa tun daga hantsi har rana ta yi sanyi, shi da amininsa Mai Agogo, suna gardama a kan abin da ya shafe su da wanda bai shafe su ba. Gwiwoyinsa sun gaji, da sanda yake tafiya, amma tsakanin ɗakinsa da dakalin ba wani nisa. Ya ratsa tsakar gida, ya tura 'yar ƙofa, ya sauko matakala mai faɗi, shi ke nan ya fito duniya. A nan yake karɓar gaisuwa, a nan yake raba faɗan yara, a nan yake sanar da ni cewa wuyan rigar da na ɗinka wa wance ya karkace, alhali ba wanda ya tambaye shi.

Ranar nan tsohon ya miƙe ya manta da sandar. Ya zagaya Amarya yana shafa ta yana dariya, ya leƙa madubin gefe ya gyara zaman hularsa, ya ce da Mai Agogo abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sai ya kama murfin gaba zai buɗe. Ɗansa ya dafa hannunsa cikin ladabi.

"Baba, kujerar nan ai taka ce," in ji shi. "Amma bari a yi mata hanyar shiga gida tukuna. Ranar da ta kwana a ciki, da safe mu fita da kai a gaba, a zaga gari kowa ya gan ka."

Baba ya ce haka ne, babban abu da shiri ake yin sa. Ya koma dakali ya fara lissafa unguwannin da za a bi da shi.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Tsakanin gidan da kwalta akwai lambatu mai zurfi, an ɗora masa 'yar gadar siminti da mutum ɗaya ke takawa. Mai Mota ya so ya kira magini kawai a zuba kankare a rufe lambatun, sai mai sayar da kayan gini ya ja masa kunne. Ya ce titi na hukuma ne, lambatu ma nata ne, duk wanda ya haɗa mashigar gidansa da kwalta ba takardar izini, wata rana katafila za ta zo ta kwashe aikin yana tsaye yana kallo. Da aka je ofishin hanyoyi kuma aka ce mai gida ne zai nema da kansa, gidan kuwa da sunan Baba yake.

Wayyo daɗi. Baba ya kawo mini babbar rigarsa na gyara aljihu, aka goge ta, aka fesa turare. Na ɗauka ranar ce zai shiga Amarya, sai na ga sun tsayar da tasi. Ɗan ya ce babu wurin ajiye mota a ofishin, kuma ledar kujerun ma ba a cire ba.

Zuwan ofishin nan ya zama wasan kwaikwayon layinmu. Duk ranar da suka dawo sai Baba ya hau dakali ya maimaita mana komai. Yau an ce hotonsa ya yi duhu. Gobe an ce kwafin takardar fili bai fito sosai ba. Jibi an ce sai an kawo zanen mashigar, a nuna faɗinta da inda ruwa zai bi ta ƙarƙashi. Rannan kuma mai sa hannu ya yi tafiya, ya tafi da makullin durowar da hatimi ke ciki. Baba yakan sauke tabarau kan hanci, ya tsuke baki, ya ɗaga dunƙulen hannu ya buga a cinya kamar mai buga hatimi, mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Mai Agogo ya ce shi a saninsa ba a taɓa ba wa mai irin wannan hular izini ba, gardama ta tashi daga nan har la'asar.

Duk tsawon wannan lokaci Amarya a waje take kwana, a waje take hutun ƙarshen mako, kuma Baba ne mai gadinta, ba wanda ya naɗa shi. Yaro ya matso da ƙwallo, sanda ta ɗagu. Tsuntsu ya sauka a bishiyar da ke samanta, ya sha zagi. Ni kaina da na jingina da ita ina magana da wata mai karɓar ɗinki, sai da aka tambaye ni ko kujera na ga an ajiye mini. Mai Mota yakan ce wa mutane Baba ya fi kowane mai gadi, har ya sayo masa sabon tsumman goge gilashi.

Daga ƙarshe jami'in hanyoyi ya zo duba wurin. Mutum ne mai fara'a da tef ɗin awo rataye a ƙugu, nan take layi ya sa masa Mai Awo. Ya auna daga mahaɗar titi, ya ce gefen katangar da Mai Mota yake so a fasa ya yi kusa da kwana, mai fitowa ba zai ga mai tahowa ba. Ya matsa tsakiya, ga falwayar wuta tsaye. Ya sake matsawa, ya nemi wanda zai riƙe masa bakin tef. Baba ya ce ai ga mai gida. Shi ya danne bakin tef ɗin da babban yatsansa a gefen dakalinsa, yana ta murmushi, aka ja tef ɗin ya wuce 'yar ƙofar da matakalarta. Mai Awo ya ce nan ne daidai, ya tsoma buroshi a jan fenti ya yi alama a jikin dakalin, ya yi wata a jikin ƙofar.

Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji ya ƙara da cewa a buɗe wa masu ƙafa 'yar ƙofa a gefe, a yi mata matakala, wannan ko izini ba ya bukata tunda cikin iyakar gida ne. Mai Mota ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, a gama babban tukuna. Mai Agogo ya dubi jan fentin ya ɓata fuska. Baba ya zungure shi da sanda.

"Kai dai baƙin ciki kake yi," ya ce. "Ni da Amarya ƙofa ɗaya za mu riƙa bi. Kai wa kake bin ƙofa da shi, in ban da kaji?"

Takardar izini ta fito. Aka sa ta a firam aka rataye a falo, sama da hoton auren masu gidan. Baba ya sa aka fito da ita waje tukuna, ya nuna wa duk mai wucewa sunansa a jiki, har da masu tallan da ba su san hawa ba balle sauka.

Washegari magina suka zo da manyan gudumomi. Na ba Baba kujerar roba daga shagona, ya zauna yana kallo ana farfasa dakalin da ya tsufa a kai, yana ma ba su shawarar ta inda zai fi saurin tsagewa. Aka rushe 'yar ƙofa, aka cire gada, aka haƙa aka binne kwalbati, aka shimfiɗa rodi. Kwanakin nan leburori ne suke ɗauko shi cak su tsallakar da shi ramin da safe, su mayar da shi da yamma, yana sama yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Layin nan bai taɓa shan dariya irin ta lokacin ba.

Sai dai akwai wani sharaɗi a izinin: gangaren mashiga ba zai wuce bakin lambatu ya hau kan titi ba ko da taƙi ɗaya. Gidan kuwa a kan tudu aka gina shi saboda ruwa, kuma tsakanin katanga da lambatu ba yalwa. Da aka zuba kankare sai gangaren ya fito a tsaye, gajere, kamar an jingina faifai da bango. Magini ya so ya bar shi da kaushi ya ja masa layuka. Mai Mota ya ce a'a, a gidan ubangidansa tayil aka sa, shi ma tayil zai sa. Aka kawo tayil mai sheƙi, wanda mutum zai ga fuskarsa a ciki. Mai walda ya kawo get na ƙarfe mai gudu a kan dogo, nauyinsa sai ƙato ya sa kafaɗa.

Ranar shigar Amarya gida har lemo aka raba. Aka mayar da Baba ciki tun da wuri, wai shi ne zai tarbi amarya a matsayinsa na uban gida. Mai Mota ya ja baya har bakin shagona, ya saita, ya ba ta wuta, ta hau rabi ta dawo da baya, mata suka yi ihu, maza suka yi ta ba da umarni kowa da nasa. Ya sake ba ta wuta, ta yi gurnani ta haye. Aka yi tafi. Na hango Baba a tsakar gida ya ɗaga sanda sama yana rawa da kafaɗa. Sai aka tura get ɗin ya rufe.

Da safe Mai Agogo ya zo kamar kullum, ya tsaya yana dube-dube, ba wurin zama. Get ya buɗe, Amarya ta sauko da baya, Mai Mota ya leƙo ya ce ya makara, fitar Baba sai ƙarshen mako. Baba ya taho bakin get da hularsa ta fita. Ya dafa bango, ya miƙa sanda ya ɗora a kan tayil, sandar ta zame ta kusa tafiya da shi. Ya sake gwadawa ta gefe, haka. Ya yi dariya ya ce tayil ɗin bai saba da shi ba tukuna, sai gobe. Surukarsa ta sa kafaɗa ta tura get.

Goben ta zo ta wuce. Ƙarshen mako ma ya zo, aka ce mai ya yi ƙasa. Na gaba aka ce ana wanke Amarya. Maganar 'yar ƙofa kuwa, Mai Mota ya ce ba a taɓa katanga yanzu sai hukuma ta zo dubawar ƙarshe, in aka ga an ƙara wani abu za a iya soke izinin, wahalar Baba ta zuwa ofis ta tashi a banza. Ya faɗi haka da fuskar mai tausayi, har na kusa mantawa da abin da na ji Mai Awo ya faɗa.

Tsofaffin nan ba su karaya ba. A jikin get ɗin akwai sarari tsakanin sandunan ƙarfe daidai fuskar mai zaune. Baba ya sa aka ajiye masa kujera a ciki, Mai Agogo ya riƙa zuwa da 'yar kujerarsa yana zama a gindin gangare, domin shi ma ƙafarsa ba ta hawa tayil. Gardamar da a da ake yi kafaɗa da kafaɗa ta koma ta ɗaga murya, duk layi yana ji. Mai Agogo ya ƙwala cewa za a yi ruwa, a ji daga bayan ƙarfe an ce ƙarya ne. Mukan tsayar da aiki mu saurara, wasu har da zaɓen gwani.

Wannan ma bai daɗe ba. Mai Mota ya ce mutane suna leƙen motar, asirin gida yana fita, ga ƙura tana shiga tana ɓata fenti. Mai walda ya dawo ya toshe sararin da fallen ƙarfe. Mai Agogo ya koma jefa tsakuwa a get don ya sanar da zuwansa, aka ce yana kankare fenti, aka roƙe shi da girman Allah ya bari. Sannan aka kafa allo a gefen gangaren, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mashigar mota ce, an hana tsayawa. Mai Agogo ya riƙa zuwa yana zama a bencin shagona, ya dubi get ɗin, ya dubi agogonsa, ya tafi ba tare da ya yi wa kowa musu ba.

Na shiga gidan wata rana kai ɗinki. Ni kaina sai da na tuɓe takalmi na hau gangaren ina dafa ƙasa. Na tarar da Baba a kujera kusa da inda Amarya ke kwana, yana kallon ɗigon baƙin mai a siminti. An saya masa sabuwar rediyo, tana gefe tana ta magana ita kaɗai. Ƙafafunsa sun kumbura don rashin tafiya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni ya washe baki ya rufe ni da tambaya. Wa ya wuce yau? Mai kayan gini ya gama fentin shagonsa? Bishiyar nan ta yi fure? Shi wancan mai taurin kan yana zuwa kuwa? Abubuwan da yake tambaya duk suna bayan katangar da yake jingine da ita. Na amsa masa ina dariya, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na yi wa surukarsa magana a ɗaki. Ba muguwar mace ba ce, abincinsa ba ya latti, wankinsa ba ya taruwa. Ta ce ita ma ta faɗa, amma kuma in an duba, me ke waje in ban da ƙura da surutu? Ta ce titin yanzu ba irin na da ba ne, masu babur ba sa ganin tsoho, gara yana ciki hankalin kowa a kwance. Da muka fito ta durƙusa ta ce masa, "Baba, ku dai ku huta, kun yi zaman waje iya zama." Ya ce Allah ya yi mata albarka.

Na tare Mai Mota ma, na ce ko tayil ɗin a cire ta gefe ɗaya a yi 'yan matakala. Ya yi dariya ya ce ni dai ɗinki na sani, aikin hukuma ba a yi masa gyaran wuya. Ya ce wa ya kai shi son Baba? Don wa ya sayi motar in ba don ranar da za a bukaci kai shi asibiti ba?

Ranar dubawar ƙarshe Mai Awo ya dawo. Yana hawa gangaren ƙafarsa ta zame, ya cafke get, aka yi dariya har da shi. Ya leƙa kwalbati ya ga ruwa zai wuce, ya auna faɗi, ya duba ko an ci titi, ba a ci ba. Ya ce aiki ya yi kyau. Get a buɗe yake, Baba yana zaune daga ciki da babbar rigarsa, wadda na gyara wa aljihu. Ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe, Amarya ta samu nata. Ni kuma a wane ofis ake ba mutum izinin fita?"

Wurin ya fashe da dariya, Mai Mota ya fi kowa, ya ce Baba ba ya rabuwa da barkwanci. Mai Awo ya dubi gangaren, ya dubi sandar, ya tambayi ina 'yar ƙofar da ya ce a yi. Aka ce masa tana tafe. Ya ɗaga kafaɗa ya ce abin da ke cikin katanga ba ruwan hukuma da shi, nasa aikin ya tsaya a bakin lambatu. Ya sa hannu, ya sha lemo, ya sauka da baya yana riƙe da get.

Na ce to, yanzu kam hujja ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Aka ce fasa sabuwar katanga zai sa ta tsage. Aka ce ta ƙananan ƙofofi ɓarayi ke shiga. Aka ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, aka ce ƙofa a gefe za ta ɓata tsarin gaban gidan, wanda har baƙi suke tsayawa ɗaukar hoto.

Wata safiya Amarya ta fita, surukar ta zo tura get sai ta ji ƙaurin tukunya, ta ruga ciki ta bar shi a buɗe. Ina kan keken ɗinki na ga Baba ya bayyana a saman gangaren. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya saki sandarsa, ta sulale ita kaɗai har bakin kwalta. Sannan ya dafa bango ya durƙusa a hankali, ya zauna a ƙasa, ya tattara rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi, ya gyara hula. Dattijon da gidan nan yake da sunansa ya tura kansa da hannuwa, ya sulalo a zaune kamar yaro, ya tsaya daidai gindin allon da ya hana tsayawa.

Duk layi ya zuba masa ido. Ni dai kunya ce ta kama ni, ban san ta wa nake ji ba. Sai Baba ya ɗaga kai ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, a kawo masa tabarma. Mai Agogo ya taso daga bencina yana ɗingishi yana cewa shi a ganinsa saukar ba ta yi kyau ba, ya karkata hagu. Baba ya ce ƙarya yake yi.

Wannan yini ba zan manta da shi ba. Na shimfiɗa musu tabarma a nan gindin gangare, mai shayi ya aiko da kofuna, mai kayan gini ya kawo laima ya kafa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya gaisa, Baba ya bi kowa da bashin tsiyar da ya tara masa. Ya ga fentin shagon ya ce launin bai yi ba. Ya ga bishiya ta yi fure har ta zubar. Ya duba rigar da na rataye ya ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Surukar ta fito ta roƙe shi ya bari a ɗauke shi a mayar, ya ce ta je ta duba tukunyarta. Ya ci abincin rana a waje, ya yi gyangyaɗi a waje, ya farka ya ci gaba da gardama daga inda ya tsaya.

Da yamma Amarya ta shawo kwana. Mai Mota ya danna oda tun daga nesa kamar yadda ya saba, sai ya ga taro, ya ga wanda ke zaune a tsakiyar mashigarsa. Ya fito da sauri, ya durƙusa, yana magana ƙasa-ƙasa yana satar kallon mutane.

"Baba, me ya yi zafi haka? Ka ja mana abin faɗa. Ka taso a shiga, ka ga motoci sun fara taruwa a bayana."

"Takardar nan da ka rataye a falo," in ji Baba, "sunan wa ke jiki?"

"Naka ne, Baba."

"To ni aka ba izinin shiga da fita. Na ga ita kaɗai take morarsa, shi ya sa yau na ce bari in taɓa nawa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Masu motocin baya suka fara oda. Mai Mota ya share gumi, ya dubi gangaren, ya ga ba yadda za a yi tsohon ya hau da ƙafa, ɗaukarsa a kafaɗa a gaban jama'a kuma abin kunya ne. Sai dabara ta zo masa. Ya zagaya ya buɗe murfin gaba, ya kakkaɓe kujerar da hannu.

"Baba, ga kujerarka. Yau ce ranar."

Wallahi na ga fuskar tsohon nan ta haskaka kamar ranar da motar ta zo. Ya ce a miƙo masa sanda. Aka kama shi aka zaunar, ɗan ya ɗaura masa bel da kansa. Baba ya shafa gaban motar, ya gyara hula a madubi, ya sa aka sauke masa gilashi. Ya leƙo ya ce da Mai Agogo in yana da saƙo cikin gari ya faɗa yanzu. Aka janye tabarma. Mai Mota ya ja baya har bakin shagona, Baba yana ɗaga mana hannu irin na mai doguwar tafiya. Sai aka ba ta wuta, ta yi gurnani ta haye gangaren. Hannunsa yana waje har lokacin da aka tura get.

Iyakar zaga garin da aka yi da shi ke nan. Washegari aka sayo ƙaton kwaɗo aka sa wa get, makulli ɗaya a zoben makullin mota, ɗaya a ɗaure a bakin zanen surukar. Mai Mota ya bi mu shago-shago yana ba da haƙuri a kan abin da ya faru, ya ce tsufa ne, Baba ya fara rikicewa, dole a riƙa kula da shi. Mutane suka ce Allah ya ba da lada, ɗa na gari ke nan.

Don mota ta samu hanya an yi sintiri a ofis, an kawo hoto, an kawo zane, an auna kwana, an auna falwaya, an yi wa ruwan lambatu ma hanyarsa ta ƙarƙashi don kada ya tsaya. Duk awon nan ba wanda ya auna takun dattijon da ya riƙe bakin tef. Ba a zage shi ba, ba a hana shi abinci ba, ba wanda zai kai ƙara ko'ina, domin a gidan nan kowa yana son Baba kuma kowa zai rantse a kan haka.

Takardar tana nan a falo cikin firam, da sunansa a jiki, ana goge ta duk mako. Amarya tana fita da safe ta dawo da yamma. Mai Agogo yana zuwa bencina har yanzu, kuma in an buɗe get motar za ta fito yakan miƙe ya ƙwala cewa yau za a yi ruwa. Da farko ana amsa masa daga ciki cewa ƙarya ne. Kwanan nan sai ya faɗa ya sake faɗa, mu tsayar da keke mu kasa kunne, ba abin da muke ji sai ƙarar get yana komawa kan dogonsa.